Kwanon da Ake Mayarwa a Rufe

Bayan an share makokin Innarmu, abinci ya fita raina. Kawuna ya zo duba ni, ya tarar da kwanon da matarsa ta aiko yana nan yadda aka kawo shi. Bai yi faɗa ba. Ya zauna bakin katifa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ba ni wannan misali.

Ya ce an yi wani birkila da matarsa ta rasu. Gida ya yi masa faɗi, sai ya tattara ya koma sabuwar unguwa can bayan gari, inda kangwaye suka fi gidaje yawa, ya kama ɗaki. Washegarin tarewarsa ya buɗe ƙofa ya ga kwano a rufe. Maƙwabcinsa ne, wani dattijo, ya ajiye masa, kamar yadda ake yi wa baƙo. Shi kuwa tun zaman makoki ya tsani ganin kwano a rufe, don duk kwanon da ya shigo gidansa a kwanakin nan, gaisuwar mutuwa ce ke biye da shi. Ko murfin bai ɗaga ba, ya mayar ƙofar dattijon ya wuce aiki. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ka san kuwa a wurinmu mayar da kwano da abincinsa ya kusa zagi. Amma dattijon bai fasa ajiyewa ba, shi ma bai fasa mayarwa ba.

Ciki dai ba ya zaman takaba. In ya tashi daga aiki, siminti duk a ƙafa, sai ya shiga unguwa neman abin da zai wuce masa maƙogwaro. A haka ya gano mai waina a bayan masallacin Juma'a, wadda gefen wainarta ke ƙaras-ƙaras. Ya gano mai ɗanwake kusa da gidan bulo, da mai gurasa a mahaɗar hanya, da wani mai balangu da ba ya hura wuta sai bayan la'asar. Har leburori suka riƙa tambayarsa inda ake cin mai kyau, yana kwatanta musu lungu-lungu, su je su dawo suna sa masa albarka. Shi kuwa loma biyu uku yake yi ya tsame hannu. Wando ya soma zame masa, bulo ya soma yi masa nauyi, ranar nan jiri ya kusa jefo shi daga kan gini. Abin da ransa ke nema ɗumame ne, irin wanda marigayiya ke yi masa da sassafe: tuwon jiya a cikin miyar kuka, an sake ɗora shi a wuta har miya ta ratsa shi. Ya zaga unguwar nan kaf, takalmi ya cinye, bai ga mai shi ba.

Wata rana a ƙarshen unguwa, inda kwalta ta ƙare, ya zauna a wata rumfar langa-langa aka zuba masa tuwon dawa. Da ya kai loma baki sai ya tsaya. Daddawar ta ji, man shanun na gaske, kamar hannun da ya sani. Ya tambayi mai rumfar ko tana yin ɗumame da safe. Ta yi dariya ta ce, "Malam, ɗumame a kasuwa? Wannan ai sai gidan da aka kwana da kai a rai. Ni ma ba ni ke girki ba, wata tsohuwa ce ke yi a cikin gida, ina ɗaukowa. Na roƙe ta ta riƙa ba ni na kwana, ta ce na wani bawan Allah ne a maƙwabtansu, mai zaman kaɗaici. Wai ko buɗewa ba ya yi." Ta kwatanta masa gidan. Ashe gidan dattijon ne, katanga ɗaya ce tsakaninsa da ɗakin birkilan.

Da gari ya waye ya buɗe ƙofa, babu kwano. Sai a lokacin ya tuna an kwana biyu bai gan shi ba, bai ma lura ba. Ya je ƙofar maƙwabcin cike da kunya, ya yi sallama. Dattijon ya leƙo, ya dube shi sama da ƙasa, ya koma ciki, ya fito da kwanon da zafinsa. Ya ce, "Uwargida kullum sai ta ɗumama. Ni ne na gaji da dawo mata da shi." Birkila ya durƙusa nan a zaure ya ɗaga murfi. Tururi ya bugi fuskarsa, ya samu abin fakewa ya share hawaye. Ya ci har ya suɗe kwano.

Kawu ya mayar da hularsa. Ya sa hannu ya turo mini kwanon matarsa a hankali har ya taɓa gwiwata. Ya ce, "Ya huce, amma ana ɗumamawa. Wadda ta tafi ba za ta dawo ba, ɗana, sai dai masu kwana da kai a rai ba su ƙare ba. Kada ka zama abin da Hausawa ke faɗa: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami."