Baƙar Roba a Kan Gawayi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don ba na son a ce ina zagin wadda ta riga mu gidan gaskiya. Amma abin ya ƙi barina.

Ina 'yar shekara bakwai, a gidanmu na zango a Tamale, goggota, Allah ya jiƙanta, ta ce in hura mata gawayi bayan la'asar. Gawayin ya jiƙe, kananzir kuma babu. Sai ta murɗe baƙar roba irin ta zuba cefane, ta ƙyasta mata ashana, ta miƙo mini.

"Riƙe ta sama da gawayin, ta ɗiga a kai. Haka kowa ke yi."

Robar ta kama nan take, tana zubar da wuta ɗigo-ɗigo. Ɗaya ya sauka a bayan ƙafata, ya manne, yana ci. Na sa hannu in share, ya bi yatsuna. Ƙaurin nan mai ɗaci har yau yana hancina.

Goggo ta ɓare robar da farce, har da fata, ta ce, "Rufe mini baki! Roba ce kawai, ba wuta ba."

Ba wuta ba!

Yanzu surukata, uwar mijina, a unguwar Kalpohin ta koya wa 'yata hura gawayi haka. Na yi magana, aka ce na cika tsoro.

Don Allah, wanda ya sani ya faɗa mini: in narkakkiyar roba ta manne a fatar yaro, ɓarewa ake yi, ko ruwa ake fara zubawa? Gobe ma a gidan surukar tawa yarinyar za ta yini.