Baƙuwa da 'Yar Gida

Ɗan Alhaji ya yi wa abokin tserensa fintinkau, sai kawai ya ɗaga ƙafa daga totur.

Wata shida ke nan yana cika baki a majalisar masu son motoci ta Illela, wai tasa baƙuwa ce daga Turai, ba irin tsohuwar Fijo haɗin Kaduna da bakaniken unguwarsu ke taƙama da ita ba. Duk tseren da suka yi a bayan gari shi ke cinyewa. Jiya bakaniken ya goge hannu da tsumma, ya ce a gaban kowa, "Ɗan Alhaji, wanga wasan yara ne. In ka isa, gobe mu tai Sakkwato." Kunya ta sa ya amsa.

Yanzu ga shi a gefen titi, injin na gurnani. Fijon ta iso tana tari, ta tsaya.

"Mi ya samu baƙuwar?" in ji bakaniken.

"Ba komi, Malam."

"To, bisimilla."

Bakaniken ya ja motarsa. Can gaba, a shingen kwastan, aka ɗaga masa hannu ya wuce.

Shi kuwa ya zuba wa shingen ido. Ta daji ya shigo da motar daga Konni, tsallaken iyaka, ko takarda ɗaya ba ta da ita. Ga iyaka a baya, ga shinge a gaba. A hankali ya juya kan motar da ta fi kowace gudu, wadda duk duniyarta ba ta wuce kilomita goma ba.