Mai Tsaron Baya a Kan Ƙanƙara

Da safiyar da ruwan kogin ƙauyen ya daskare, kocin ya jingine kekensa a bakin gada. Ya zo ne ya sallami mai tsaron bayan ƙungiyarsa ta ƙwallon ƙafa. Shugabanni sun gama magana: mutumin ya cika nauyi, ba ya gudu. Haka suke yanke hukunci tun zamanin kakanninsu, a zaune da kofin gahawa, ba mai leƙa fili. Shi kuwa kocin, da ya buga wa manyan ƙungiyoyin Holand kafin gwiwa ta ajiye shi, bai musa musu ba.

Cikin farin hazo ya hango mai tsaron bayan. Ƙaton manomi ne mai tatsar shanu, yana sulalawa a kan ƙanƙara da takalman zamiya, hannuwa a baya, kamar iska ce ke ɗauke da shi. Yana ratsa jama'a ba ya gogar kowa.

"Koci! Korar ce ta kawo ka?" ya ɗaga murya yana wucewa. "Sauko ka faɗa mini a nan, in tsohuwar gwiwar taka ta yarda!"

Kocin ya taka ƙanƙarar. Nan take sama ta juye masa. Bai kai ƙasa ba ya ji an tare shi.

"Kai da ka ba ni baya, ya aka yi ka iso?"

"Tun kafin ka ɗaga ƙafa na san inda za ka faɗi. Haka nake ganin ƙwallo ma, Koci. Ku dai gudu kuke aunawa."

Kocin bai saki hannunsa ba.