Kwabo Bakwai a Rijiyar Malam Badaru

An kai gaba tara da haƙa lokacin da guga ya fito da abin da ba ƙasa ba. Tsoffin kwabbai ne guda bakwai, masu huji a tsakiya, sun yi kore shar, tare da wuyan fasasshen tulu. Mati mai haƙar rijiya ya hauro yana karkaɗe jiki, ya ce kuɗin mutanen ɓoye ne, shi dai ya tashi aiki sai an yi sadaka.

Dabo mai gonar ma ba da son ransa aka tone rijiyar ba. Mahaifinsa, marigayi Malam Badaru, shi ya cike ta da hannunsa a shekarar babban fari, ya ce ta ƙafe, ya hana a shuka ko gyaɗa a wannan kusurwar gonar. To amma yunwa ba ta san wasiyya ba. Masara ta fi ƙarfin talaka a kasuwar Makoda, rumbu ya koma gidan ɓera, noman rani kuwa sai da ruwa.

'Yarsa Sakina ce ta ga abinci a cikin kwabban. Ta kira Alhaji Ɗan Iya, wani dillalin tsoffin kuɗi a birni. Ya ce a cikin irinsu akwai na wata shekara da ya fi bijimi tsada, amma masu saye ba sa yarda da baki. Sai an aika wa masu tantancewa a ƙasar waje, su duba da madubi, su ba shi daraja, su rufe shi a roba. Ladan aikin dubu saba'in ne.

"Ku fara turo hoto mai kyau, gaba da baya, in ga ko sun cancanci wahalar," in ji shi. "Kuma don Allah kada a goge da toka."

Dubu saba'in ita ce akuyar Dabo, ita kaɗai ta rage a turke, ga ta da ciki. In kwabban suka ci jarrabawa, gidan ya tsira har kaka. In suka faɗi, ba akuya ba hatsi.

Tun da kwabban suka shigo gidan tuwo ya daina wuce masa. Ya zuba su a aljihu, in ya taka sai su yi wata 'yar ƙara, tsigar jikinsa ta tashi, ya waiwaya bai ga kowa ba. Tsoro yake ji, irin wanda rabonsa da shi tun yana ɗan shekara bakwai.

Dabo ba mutum ne mai waiwaye ba. A shekarar farin nan ce uwarsa Hure ta bi direban motar gyaɗa, kamar yadda Malam Badaru ya shaida wa gari, ta bar Dabo da yunwa. Shekara hamsin da ɗoriya bai taɓa sa ta a addu'a ba. Da aka haifi Sakina dangi suka ce a mai da sunan Hure, ya rantse ba a gidansa ba. Ko fuskarta ya manta, sai dai zane ukun nan na gefen bakinta.

Hoton kuwa ya ba su wuya. Sakina ta shimfiɗa baƙin mayafi a kan turmi da hantsi, rana ta yi yawa, kwabban suka fito kamar ƙosai. A inuwar dalbejiya suka yi duhu. Ta gyara su da tsinin laujen Dabo, ta ga shaidarsa a ƙota, ta yi dariya.

"Baba, kai komai sai ka yi masa layi uku? Har ƙwaryar shan fura?"

"Tun ina yaro hannuna ya saba," in ji shi.

Gaskiya ne. Bahago ne, shi ya sa layinsa na uku kullum yake karkacewa. Duk unguwar an san kayan Dabo da wannan.

Sai bayan la'asar, da rana ta kwanta ta bugi kwabban ta gefe, hoton ya fito tas. Sakina ta tura. Ba a daɗe ba waya ta yi ƙara.

"Ku bar akuyarku ta haihu," in ji Alhaji Ɗan Iya. "Shekarar mai kyau ce, wallahi har na yi murna. Amma wani ya lalata su. Duk bakwai ɗin an karce su da ƙusa, kuma hujin ya cinye, da gani an daɗe ana ɗaura su a zare. Ba mai tantance wannan."

Sakina ta kusa kuka. Ta ja hoton da yatsu biyu har kwabo ɗaya ya cika fuskar wayar, ta miƙa wa uban don ya ga ɓarnar da idonsa.

Dabo ya daɗe yana kallo. A ƙarƙashin koren, kusa da hujin, ga layi uku 'yan ƙanana. Na ukun ya karkace.

Ya miƙe da ƙyar, ya nufi turke, ya kwance akuyar.

"Baba, ai ya ce kada a sayar!"

"Na ji," ya ce. "Likkafani za a sayo. Ki aika a kira Liman, a ce wa Mati ya koma ciki ya yi haƙa a hankali."

Ya tuna yanzu. Yana zaune a gefen tabarma da ƙusa a hannun hagu, yana kwaikwayon zanen bakinta a kan kwabban jigidarta, tana dariya tana cewa ya lalata mata ado. Jigidar nan ba ta rabuwa da ƙugunta ko wanka za ta yi. Inna Hure ba ta hau motar kowa ba, shekara hamsin tana nan cikin rijiyar da mahaifinsa ya cike, shi kuwa Dabo yana noma a gefenta yana tsine mata.