Abban Cikin Waya

"Wannan ba Abbana ba ne," in ji yarinyar, ta shige bayan uwarta. "Nawa yana cikin waya."

Mahaifinta ya sauke hannuwan da ya buɗe mata. Da cikinta ya bar matarsa a Kano ya taho New York karatun lissafi, kuma tun da aka haife ta, ta allon waya kawai suka san juna. Yau ga ta a tsakiyar ɗakinsa na unguwar Mount Hope, amma ta ƙi ko kallonsa.

"Ka yi haƙuri, Malam, baƙunta ce," matarsa ta ce.

Ya san ba baƙunta ba ce. Shi da ke koya wa ɗalibai cewa hoto tsawo da faɗi kawai gare shi, ba shi da kauri, bai taɓa tunanin a haka 'yarsa ta san shi ba: fuska shimfiɗaɗɗiya mai shiga jakar Umma.

Sai ya durƙusa a ƙasa, ya ƙi motsi. Can ta leƙo. Ta tako a hankali, ta duba kunnensa, ta zagaya shi kamar mai taya rago. Ya ji numfashinta a wuyansa, sannan ɗan yatsa mai ɗumi ya taɓa shi.

"Umma, zo ki gani! Ashe Abba yana da ƙeya!"

Bai juyo ba, don kada ta ga hawayensa. Ita kuwa ta ɗare bayansa, ya ji nauyinta karon farko.