Birkin Tsohuwar Motar Baba

"Sai ya gyara birkin tsohuwar motata zan ba shi ke," in ji Baba. Masoyina kuwa malamin makaranta ne, ko sifana bai iya riƙewa ba.

Na rantse ba mai raba mu. Baba na fita na shige ƙarƙashin motar. Na kwance birkin, na sauya robobin da suka kumbura, na zuba man birki irin wanda ba ya cin tsohuwar roba.

Baba ya dawo ya zaga da ita. Ya taka, ta tsaya cak.

Na dube shi ido cikin ido. "Ni na gyara, Baba. Kuma shi nake so!"

Ya fashe da dariya. "Na sani, ja'ira. Shekara uku ina roƙonki ki duba min birkin nan."