Kamun Ƙafar Inno

Takardun Shahida sun kwana uku a cikin kwallar Inno, ga shi ranar Juma'a za a rufe karɓa.

Kamfanin nan da ke sayar wa manoma taki da iri ta wayar salula ne zai buɗe reshe a Babura, zai ɗauki mutum goma sha biyu. Shahida kuwa 'yar Ma'u ce, aminiyar Inno ta garin Gwiwa. Shekara uku da gama karatun kwamfuta, tana gida tana tsinkar zogale. Ma'u ta tako har gidan Inno a Kazaure ta danƙa mata takardun, Inno ta ce, "Ki ɗauka an gama." Baki shi ke yanka wuya.

Don kuwa Inno ba ta iya tunkarar mai kamfanin. Ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "mutumin nan". In motarsa ta shigo layi, sai ta ja mayafi ta shiga neman abin da ba ta yar ba.

Dole ta koma kamun ƙafa. Ta hau mota zuwa Roni wurin ƙaninta Lauwali, ya yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Allah ya shirye shi. Ta ba shi takardun, ta haɗa da dambun nama, ba yaji, don mutumin nan ba ya cin yaji. Lauwali ya miƙa wa wani malamin makaranta, malamin ya ba surukinsa, surukin ya san Daudu direban kamfanin. Dambun dai bai wuce hannu na biyu ba.

Inno ta dawo gida abinci ya ƙi shiga. Kunyar Ma'u take ji, ga tausayin yarinyar.

Ranar Alhamis Daudu ya ajiye ambulan, duk ta yi laushi, a teburin maigidansa. Mai kamfanin ya karanta, ya ce yarinyar ta zo jarrabawa ranar Litinin kamar kowa, mai irin wannan sakamakon ba ta buƙatar ƙafar kowa.

"Wa ya aiko?"

"Ranka ya daɗe, wata tsohuwa ce, ta hannun mutum huɗu. Wai Inno, yayar wani Lauwali na Roni."

Mai kamfanin ya cire tabarau, ya daɗe yana girgiza kai.

"Har Roni? Daudu, kullum safiya ina durƙusawa a ƙofar ɗakinta, bango take kallo ta amsa gaisuwa. Laifina ɗaya, ni ne ɗanta na fari."